Wa Ke Aiki a Gidan Burodin Maiwada?

Ruwan Agusta ya kwana yana zuba a Minna, da gari ya waye kuma bai ɗauke ba, sai ya koma yayyafi. Sufeto Zakiyyu na zaune a ofishinsa ya tasa taga a gaba, yana kallon gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa ya kwanta a kan duwatsu. Ranar Juma'a ce, shekarar 2009.

Shekararsa ashirin da shida cikin kaki, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ya san halinsa. Kana cikin yi masa magana zai tafi ya bar ka, gangar jiki na kan kujera, hankali ya yi wani gari. Abokan aiki har tsiya suke masa, wai albashi biyu ya kamata gwamnati ta riƙa ba shi, na aiki da na mafarki. Amma duk ranar da bincike ya cije musu, ƙofarsa suke ƙwanƙwasawa.

Ƙamshin burodi ne ya dawo da shi duniya, don ƙamshin ya riga masu shi shigowa.

Saja Jonah ne a gaba, mataimakinsa. Bayansa wani ƙaton mutum cikin babbar riga, wayoyi uku a hannu. Can baya kuma wata matashiyar mata, gefen hijabinta ya yi fari da gari, idanunta sun kumbura.

"Oga, Alhaji Maiwada ke nan, mai gidan burodi a Dutsen Kura," in ji Jonah.

Alhaji bai jira an nuna masa kujera ba. "Buhu talatin, Sufeto! Buhun fulawa talatin cif sun yi ƙafa daga sitona. Ga ɓarauniyar na kawo muku da kaina, na rage muku wahala."

"Cikin kwana nawa suka ɓace?"

"Wata bakwai. Jiya na gane, da dilan fulawa ya zo muka zauna."

Zakiyyu ya juya ga matar. "Yaya sunanki?"

"Saudatu, yallaɓai."

"Yaushe kika fara kula da siton?"

"Yau sati biyar."

Sufeto ya dubi Alhaji. Alhaji ya gyara riga.

"To, ai ita ke riƙe da makulli yanzu. Na gabanta duk na sallame su."

"Su nawa?"

"Uku. Ko huɗu ne? Wa ke ƙirga su!"

"Kwaɗon fa, ana canza shi in an canza mutum?"

Ɗaya daga cikin wayoyin Alhaji ta yi ƙara, ya rungume ta kamar wadda ta zo ceto, ya fice yana magana.

Sai dai mutumin ya riga ya biya ta wajen Di-Pi-O, shugaban caji ofis ɗin, kafin ya shigo, kuma tare suke sallar Juma'a a sahu ɗaya. Umarnin da aka bari a kanta gajere ne: a tsare Saudatu, ba beli, Litinin da safe a kai ta gaban majistare. Shi kuwa Di-Pi-O ya kama hanyar Kaduna, sai Litinin ɗin.

Da ake rubuta sunanta, Saudatu ta ɗago kai. "Yallaɓai, ina da goyo. Watanta takwas. Ko kunu ba ta yarda da shi sosai ba."

Zakiyyu ya san abin da Litinin ke nufi. In aka karanta mata tuhuma ba ta da mai tsaya mata, gidan yari za a tura ta jiran shari'a, jiran da kan kai wata da watanni. Tausayinta ya kama shi sosai. Ya ce a bar uwarta ta riƙa kawo jaririyar tana sha, sannan ya ɗauki hularsa.

Gidan Burodin Maiwada dogon gini ne mai fentin ruwan ƙwai, a ƙarshen wani layi a Dutsen Kura. Abin da ya fara tarbar su ba mutum ba ne, tulin ƙonannen burodi ne a gefen katanga, ya kai ƙugun mutum, awaki na kai suna shagali.

"Na yau ne?" Zakiyyu ya tambayi manaja.

"Na satin nan ne, yallaɓai. Sababbin hannu ne, suna koyo."

Manajan, Saifuddeen, saurayi ne mai taye da gumi. Shi kansa watansa biyu a wurin. A ɗakin kwaɓi akwai wani babban inji an lulluɓe shi da tamfol. Ya ce wani ne ya zuba masa kwaɓi fiye da ƙima a kwanansa na huɗu, injin ya ƙone, aka kore shi a na biyar.

Jonah ya jera ma'aikatan a jikin bango, Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, yaushe ka fara?"

"Sati uku."

"Kai fa?"

"Kwana goma."

"Wannan na kusa da kai, yaya sunansa?"

Mutumin ya dubi maƙwabcinsa sama da ƙasa. "Mu dai Dogo muke ce masa."

Zakiyyu ya nemi fayil ɗin ma'aikata. Saifuddeen ya yi 'yar dariyar kunya. "Babu, yallaɓai. Alhaji ba ya son takarda. Ya ce takarda ce ke sa ma'aikaci taurin kai. Da baki ake ɗauka, da baki ake sallama."

"Buhunan sito fa, kana ƙirgawa?"

"Kullum da yamma."

"Jiya nawa ka bari?"

Saifuddeen ya kalli silin, ya kalli takalminsa, ya sassauta taye. Sufeto bai matsa masa ba. Takarda ɗaya tak aka samu a teburinsa, jerin sunayen waɗanda ake miƙa wa ambulan ɗin albashi a ƙarshen wata. Suna goma sha ɗaya ne a jiki.

Daga nan suka shiga ɗakin tanderu. Zafi ya buge su, da wani haske ja-ja mai rawa a bango. Wani dattijo siriri na tsaye a bakin wutar, ya zura tsirarar hannunsa ciki, idanunsa a lumshe kamar mai sauraron labari daga nesa. Ya janye hannun, ya ce wa masu jira, "Saura kaɗan." Ba wanda ya yi gardama.

Zakiyyu ya tsaya kallonsa, nan take hankalinsa ya tafi. Ya ga kansa yana ƙarami a kwatas ɗin reluwe, babansa ya sauko daga jirgin Kano da baƙin mai a hannu da burodi mai ɗumi a hammata, uwarsa na tsaga shi da hannu tururi na fita. Sai da Jonah ya yi gyaran murya sau biyu.

"Baba Sheshi ke nan," in ji manaja. "In ba ya nan, gara mu rufe."

"Baba, shekara nawa a nan?"

"Goma sha bakwai." Hausarsa irin ta mutanen Bida ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kana shiga sito?"

"Ni da wuta kawai. Ban san hanyar sito ba." Sannan ya tambaya ba tare da ya juyo ba, "Yarinyar nan, ya ci abinci?"

"Za ta ci."

A hanyar fita, Zakiyyu ya tsaya cak. Ya ƙirga kawunan da ya gani a ransa, ya sake ƙirgawa. Goma sha biyu ne har da Saudatu.

"Manaja, takardarka goma sha ɗaya ce. Wa aka bari?"

"Au, Baba Sheshi ne. Haka na tarar. Tsohon ma'aikaci ne, Alhaji ke biyansa da hannunsa."

"Alhaji ne ya faɗa maka?"

"A'a. Ai abu ne a fili."

Ba su bi ta babbar ƙofa ba. Bayan ɗakin tanderu akwai wata ƙaramar ƙofar langa-langa inda ake shigo da itace. Maigadi na can gaba, shi ma kwanansa ashirin, bai ma san da ita ba. A cikin laka akwai sawun tayar baro, gefensa kuma wani siririn farin layi, fulawa ce ta zuba ruwa ya mayar da ita ƙulli. Suka bi layin har inda kwalta ta haɗiye shi, ya nufi wajen Kasuwar Kure.

Asabar da hantsi rana ta leƙo. Jonah ya sha yawo a kasuwar kafin ya gano mai suyar fanke da cincin da ba a taɓa ganin ta sayi fulawa a rumfar 'yan fulawa ba. Madam Mabel ce, mace mai jiki da murya, tana zaune gaban kasko kamar sarauniya.

"Madam, ina kike sayen fulawa?"

"Oga, a kasuwa mana. Ina kuma?"

"Wace rumfa?"

"Yau nan, gobe can. Ni ba na aure da rumfa."

Zakiyyu ya yi murmushi, ya zauna kan bencinta ba gayyata. Idonsa ya sauka kan buhun da ta shimfiɗa a ƙasa tana taka shi. Ya sa ƙafa ya juya shi. Ga tambarin nan da jan fenti, harafin farko na sunan Maiwada a cikin da'ira, irin wanda ya gani a siton.

Madam Mabel ta ajiye matsami. "Oga, ni ban saci komai ba o! Da kuɗina na saya."

"Wurin wa?"

"Wani baba ne. Duk Juma'a, lokacin da mutane suka tafi masallaci, yana turo baro, wai zai je sayen itace. Buhu ɗaya, ba ya ƙarawa. Ko na ce ya kawo biyu, sai ya ce a'a, ɗaya ne haƙƙinsa."

"Haƙƙinsa?"

"Haka ya ce. Wai a wurin aikinsu da fulawa ake biyan shi."

"Sunansa?"

"Ban tambaya ba. Siriri ne. Hannunsa daga nan zuwa nan duk tabon wuta, tsofaffi, sun yi fari."

Da suka fito, Jonah ya tafa hannu. "Oga, an gama! Mu je mu ɗauko tsohon."

"Mu ɗauko shi, Alhaji ya ce Saudatu ce ke buɗe masa sito. Sai a kai mutum biyu kotu maimakon ɗaya." Zakiyyu ya girgiza kai. "Sai na san inda makullinsa ya fito, kuma tun yaushe."

Ya kira wayoyin Alhaji duka uku. Ɗaya a kashe, biyu ba a ɗauka ba. Aka ce ya tafi ɗaurin aure Kontagora.

Da la'asar ya leƙa bayan kanta. Saudatu na zaune kan benci tana shayar da 'yarta Husna, kakar yarinyar na tsaye ta juya baya tana share ido da mayafi. Jaririyar ta riƙe yatsan uwar gam, ta yi barci da nono a baki.

"Saudatu, wa ya koya miki aikin sito?"

"Ba kowa, yallaɓai. Makulli aka miƙo min aka ce ga sito can. Baba Sheshi ne ya nuna min yadda ake jera buhu kada ya sha danshi. Shi ke ajiye min burodin da ya fashe in kawo gida." Ta yi murmushin farko tun zuwanta. "In da mutumin kirki a gidan nan, shi ne."

Zakiyyu ya kau da kai ya koma ofis.

Lahadi ya hau motar Paiko. Jonah ya binciko masa cewa manajan da ke wurin wata bakwai da suka wuce, Abdulhafiz, can ya koma yana yanka tikiti a tashar mota. Hanya ta yi kore shar, gonakin doya da masara na wucewa a hankali, mata ɗauke da kaya a kafaɗa suna tafiya a gefen titi kamar ba ƙasa suke takawa ba. Sufeto ya jingina kai da gilashi. A tsakanin barci da ido biyu ya riƙa ganin gidan burodin, ma'aikata na shiga ta wata ƙofa suna fita ta wata, ba mai fuska a cikinsu, sai mutum ɗaya tsaye a bakin wuta. Kwandasta ne ya taɓa shi ya ce an iso.

Abdulhafiz na jin sunan Maiwada ya yi tsaki mai tsawo.

"Buhu talatin yake wa kuka? Yallaɓai, a wata biyu ana ƙona abin da ya fi haka a gidan nan. Sabon hannu sai ya yi sati biyu yana ɓarna kafin ya iya. Ranar da ya iya, ya ce a ƙara masa ɗan wani abu, ranar za a kore shi a kawo wani ya fara ɓarnar daga farko. Waɗanda ya kora su ne yanzu ke gasa wa abokan gasarsa. Masu shayin unguwar Bosso duk sun gudu, sun ce burodinsa yau daɗi gobe gawayi. Shi a ganinsa tattali yake yi."

"Makullin sito nawa ne a zamaninka?"

"Biyu. Ɗaya wurin mai sito, ɗaya wurin Baba Sheshi. Tun ranar da aka gina siton yake da shi, don shi ke fara ɗibar fulawa kafin kowa ya zo."

"Har yanzu yana hannunsa?"

"Oho. Ni dai ban karɓa ba ranar da na sallame shi. Kunya ba ta bar ni ba."

Zakiyyu ya gyara tsayuwa. "Ranar da ka yi me?"

"Na sallame shi mana. Watan Janairu. Wani sabo ne ya ƙona gashi guda, Alhaji ya kira ni a waya daga Abuja yana faɗa, ya ce tsohon ya tsufa, in kore shi yau-yau. Na je bakin tanderu na faɗa masa, mu biyu kawai. Na soke sunansa a takardar albashi. Bayan kwana huɗu ni ma aka kore ni, ta waya." Ya dubi fuskar Sufeto. "Lafiya? Ko ya rasu ne?"

"Yana nan. Shekaranjiya na bar shi yana gashi."

Abdulhafiz ya saki baki, tikitin da ke hannunsa ya faɗi cikin ruwa.

Litinin ƙarfe bakwai na safe, awa biyu kafin motar kotu ta tashi, Zakiyyu da Jonah suka isa gidan burodin. Alhaji Maiwada ya dawo, yana ofishin gaba mai sanyi, inda ya saba zama. Sufeto ya ce ya taso. Sai da Saifuddeen ya nuna masa hanyar ɗakin tanderu, don an yi sabon bango tun bara bai taɓa zagayawa ba.

Sheshi na tsaye inda suka bar shi, kamar bai motsa ba tun Juma'a. Idanunsa sun faɗa.

Alhaji ya ƙura masa ido. "Kai! Ba na kore ka ba?"

"Ka kore ni, Alhaji."

"To wa ya dawo da kai?" Ya juya ga manaja. "Kai ne?"

"Ni? Alhaji, na ɗauka kai ke biyansa!"

"Ni kuma na ɗauka yana Bida!"

Ma'aikata suka bar abin da suke yi. Ba ka jin komai sai ƙarar itace a wuta.

"Baba," in ji Zakiyyu a hankali, "ba ni makullin."

Sheshi bai yi musu ba. Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya ciro wata igiya, makulli na reto a jiki, ya yi baƙi don tsufa. Ya miƙa da hannu biyu.

"Ni ne. Buhu ɗaya duk Juma'a. Yarinyar nan bai san komai ba."

"Faɗa mana yadda aka yi."

"Ranar da manaja ya ce in tafi, na je gida. Matata ya kawo abinci, na kasa faɗa. Da asuba ƙafata ya kawo ni nan, na ce bari in ɗauki kayana. Na tarar wuta ya kusa mutuwa, yara sun tsaya suna kallo. Na gyara. Ba wanda ya ce komai. Gobe na dawo. Jibi na dawo. Sai aka kori manaja, sabo ya zo ya gaishe ni, ya ce Baba yaya aiki."

"Ƙarshen wata fa?"

"Kowa ya shiga layi, ni na tsaya a nan. Na san babu sunana." Ya dubi Alhaji. "Sau uku na je ƙofar Alhaji. Sau uku na dawo. Na ce in na yi magana, zai tuna ya kore ni, a rufe min ƙofa. Gara a manta da ni ina ciki."

"Sai ka biya kanka."

"Na auna abin da ake ba ni da, na ga buhu ɗaya a sati bai kai ba. Na ce ya isa. Na san sata ne, yallaɓai. Ban ce ba sata ba ne."

"Da aka tafi da Saudatu fa? Kana tsaye a nan."

Nan ne muryar dattijon ta karye. "Tsoro. Wallahi tsoro. Kwana uku ban runtsa ba. Kowace safiya na ce yau zan je, sai in ce bari in fitar da wannan gashi tukuna."

Alhaji ya dawo hayyacinsa, ya fara ɗaga murya. "Kun ji ko? Ɓarawo a cikin gidana wata bakwai! A tafi da shi!"

Zakiyyu ya dube shi. Ba mutum ne mai faɗa ba, amma ransa ya ɓaci.

"Za a tafi da shi, Alhaji, don ka kawo ƙara kuma ya amsa. Amma wata bakwai mutum na riƙe maka wuta ba ka san yana gidanka ba. Ka sa an rufe mai goyo kwana uku saboda kwaɗon da ba ka canza ba. In ka je kotu, majistare zai tambaye ka wa ke maka aiki. Ka fara shirya amsa."

Jonah ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Sheshi ya cire ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunsa, ya ninke, ya ajiye kan gwangwanayen burodi. Ya bi su ta tsakiyar ma'aikata, kowa na matsawa.

Sun kai bakin mota ke nan sai ga Alhaji da sauri, babbar riga na jan laka.

"Sufeto, dakata! Akwai gashi a ciki. Wa zai fitar?"

Ma'aikata goma suka dubi juna.

Sheshi ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. "Minti shida," ya ce wa Dogo. "Fara da na hagu, can ne wuta ya fi ƙarfi." Ya shiga mota.

A caji ofis, Di-Pi-O ya saurari bayani, ya sa hannu a takardar sakin Saudatu ba tare da ya ɗago kai ba. Ta fito daga bayan kanta, ta goya Husna, uwarta na riƙe da ledar kayansu. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da wanda ake shigowa da shi.

"Baba Sheshi? Me ya kawo ka?"

Dattijon ya durƙusa a gabanta har ƙasa. "'Yata, ni ne. Ki yafe min."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi Sufeto, ya gyaɗa mata kai. Hawaye suka zubo mata, na baƙin ciki ne ba na murnar fita ba.

"Kana ganina aka tafi da ni, Baba. Kai kaɗai na ɗauka uba a gidan nan."

Ta gyara goyonta ta wuce. Ba ta waiwayo ba, shi ma bai tashi ba sai da Jonah ya ɗaga shi.

Zakiyyu ya zaunar da shi a ofis, ya jawo takardar bayani, ya cire murfin biro.

"Suna?"

"Sheshi Kudu."

"Shekaru?"

"Hamsin da takwas."

"Gari?"

"Bida."

"Sana'a da wurin aiki?"

Sheshi ya dubi tabon hannunsa. "Ban sani ba, yallaɓai. Rubuta abin da ka ga ya dace."

Biron ya tsaya a sama na ɗan lokaci. Sannan Sufeto ya rubuta, ya karanta masa a fili: "Mai gashi, Gidan Burodin Maiwada, Dutsen Kura. Shekara goma sha bakwai a bakin aiki."

Dattijon ya miƙo hannu, Zakiyyu ya ba shi takardar. Bai iya boko sosai ba, amma ya san sunansa. Ya ɗora yatsa a kai, ya bi layin a hankali har ƙarshe, ya dawo farko ya sake bi.

"Tun da na fara, ba a taɓa rubuta shi haka ba," ya ce. "Da hatimi ma."

"Takardar tuhuma ce, Baba."

"Na sani." Ya miƙa ta da hannu biyu. "In an gama da shi, za a iya ba ni ɗaya? In nuna wa matata."

Zakiyyu ya sunkuyar da kai kan takardar, Jonah ya kama hannun dattijon a hankali suka nufi sel.